Sirrin Masana'anta: Me Ya Sa Mai Suna A Jikin Kwali Ke Ɓoye Wanda Ya Yi Masa Kayan?

A mangazar wani kawuna da ke bayan Babbar Kasuwar Yamai na fara sa ido a kan wannan al'amari. Sarin ganyen shayi yake yi, irin wanda ake ɗora wa wuta a kowace fada daga unguwar Bukoki har Talladje. Kwalin nasa ne, sunan da ke jiki shi ya raɗa, hoton raƙumin ma shi ya zaɓa. Akwai lamba 41022 da mashaya shayi suka sani, akwai rubutun Faransanci da na Larabci, akwai adireshinsa na Yamai, sai wani ɗan layi a ƙasa da ke cewa an yi a ƙasar Sin. Ka juya kwalin ta kowace fuska, ba za ka ga sunan masana'antar da ta gyara ganyen ta ɗura shi ba.

Wata rana da la'asar wani matashin ɗan kasuwa daga Tawa, wanda ya daɗe yana sarin kaya a wurinsa, ya gyara zama ya ce, "Alhaji, bana in Allah ya yarda ina so in leƙa Sin da kaina. Don Allah wace masana'anta ce ke ɗura maka ganyen nan?" Kawu ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, sha shayi tukuna." Aka sha na farko, aka sha na biyu, aka sha na uku. An taɓa tsadar sukari, an taɓa wahalar hanyar Lome, an yi wa tafiyar addu'a. Yaron ya tashi ya yi sallama bai ji sunan ko gari ɗaya ba. Bayan fitarsa na ce, "Kawu, ai yaron kirki ne." Ya ce, "Na fi ka sanin kirkinsa. Amma sau huɗu na je ƙasar nan kafin in sami ganyen da bakin mutanenmu ya karɓa, kwantena guda ta salwanta mini a wajen nema. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Abin da kawu ya yi a ranar shi manyan kamfanonin duniya ke yi, sai dai su da lauyoyi da takardun yarjejeniya suke yinsa. Da yawa daga cikin sunayen da muke ganin girmansu ba su ke ƙera abin da suke sayarwa ba. Nike ba ta ɗinka takalmi da kanta, masana'antun wasu ne a Biyetnam da Indonesiya da Sin ke ɗinka mata, cikinsu har da Pou Chen na Taiwan wanda ke yi wa Adidas ma. Wayar iPhone mafi yawanta Foxconn ke harhaɗawa, kamfanin da Terry Gou ya kafa a Taiwan a 1974, mai katafariyar masana'anta a birnin Zhengzhou. Kwamfutocin hannu masu sunaye iri-iri, HP ne ko Dell, galibi daga hannun wasu 'yan kamfanoni ƙalilan suke fitowa, irin su Quanta da Compal, waɗanda mai saye a Yamai bai taɓa jin sunansu ba.

Aikin kwangilar nan iri biyu ne. Akwai wanda mai suna ke zuwa da zanensa da awonsa ya ce a yi masa, kamar yadda ake kai wa tela yadi da samfur. Akwai kuma wanda masana'antar ce ke da kayanta a shirye, kai dai ka zo da suna da launin kwali a buga maka. Yawancin abin da 'yan kasuwarmu ke yi na biyun ne: shayi, tumatirin gwangwani, batir, fitilar caji, fanka, sabulu. Mai irin wannan ciniki ba shi da komai nasa na kansa a cikin kwalin. Abu biyu kaɗai ya mallaka, sunan da ke jiki, da sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Shi ya sa tsoron farko tsoron maƙwabcin rumfa ne. Nemo masana'anta ta gari ba ƙaramin aiki ba ne. Mutum zai sayi tikiti, ya nemi biza, ya ɗauki tafinta, ya shiga babbar kasuwar baje kolin Guangzhou, Gwanzu a bakin 'yan kasuwarmu, wadda ake ci sau biyu a shekara tun 1957. Rumfuna dubbai ne a wurin, kuma da yawa daga masu miƙo maka kati dillalai ne masu ofis da waya, ba masu injin ba. Ka karɓi samfur ka dawo ka gwada. Ka ba da kafin alƙalami, yawanci kashi 30 cikin ɗari, sauran kafin a loda. Ka jira jirgin ruwa makonni, sannan ka jira ayarin motoci daga Lome ta Burkina, hanyar da ta zame mana dole bayan rufe iyakar Benin a 2023. Sai kwantena ta sauka ka buɗe ne za ka san ko abin da ka gani a samfur shi aka loda maka. Duk wannan kuɗi da lokaci da fargaba suna ƙunshe a cikin suna guda da lambar waya guda. Wanda ya ji sunan ya samu a ɓagas. Gobe zai yi odar ganye iri ɗaya, a kwali mai kama da naka, ya rage jaka biyu a kan kowane katan tunda shi bai biya kuɗin nema ba. Yaron nan na Tawa kuwa ba ma abokin gasa ba ne, mai saye ne. Ranar da ya san ƙofar, ba shi da sauran dalilin tsayawa a Yamai.

Sai batun farashi. Sunan masana'anta yana tona asirin riba. A 2024 wata kotu a Milan ta Italiya ta binciki ƙananan wuraren ɗinki da ke yi wa wani reshen Dior aiki, aka ga jakar hannu da ake biyan Yuro 53 kuɗin haɗa ta, ban da kuɗin fata, ana sayar da ita Yuro 2,600 a kanti. A kuɗinmu na sefa, kusan jaka 35 (wato dubu 35) ke nan a wajen ɗinki, miliyan 1 da jaka 700 a wajen sayarwa. Ba wai duk bambancin riba ba ne, akwai zane da talla da hayar kanti, amma mai saye da ya ji waɗannan lambobi biyu ba zai sake kallon jakar da idon da ba. Haka abin yake a ƙaramin mataki: in aka gane fankar da ke da suna mai kama da na Turawa da wadda ake zubawa a ƙasa a kasuwar Katako daga injin ɗaya suka fito, wa zai ƙara kuɗi don suna?

A nan akwai abin lura. Wanda wurin ƙerarsa ke ƙara masa daraja ba ya ɓoyewa, shela ma yake yi. Vlisco tun 1846 take garin Helmond na Holan, kuma sunan ƙasar ne ma ya zama sunan atamfar a bakin matanmu, shi ake nema a akwatin lefe. Ɓoyo yana farawa ne a inda gaskiyar wurin ƙera za ta rage wa sunan kwarjini.

Ita ma masana'antar ba ta son a yi ta yawo da sunanta. Tana yi wa abokan hamayya biyu ko uku aiki a ƙarƙashin rufi ɗaya, kowa da farashin da aka ba shi, kuma ba ta son su haɗa kai su gwada lissafi. Manyan kamfanonin waya kuwa abin da suka fi tsoro shi ne a ga sabon samfurinsu kafin ranar fitowarsa, don haka yarjejeniyar rufe baki takan ɗaure ɓangarori biyun duka.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na bi diddigin lamarin shi ne, babban haɗarin sau da yawa ba daga maƙwabci yake zuwa ba, daga masana'antar da ka amince wa yake fitowa. Labarin Schwinn ya isa misali. Kamfanin keke ne na Shikago wanda a zamaninsa ba a haɗa shi da kowa a Amurka. A 1977 ya fara ba wani ƙaramin kamfani na Taiwan mai suna Giant, wanda aka kafa a 1972, kwangilar ƙera masa kekuna. Da ma'aikatansa na Shikago suka shiga yajin aiki a 1980, sai ya ƙara karkata aikin can. Ya ba da awo, ya ba da ƙa'idar inganci, ya ba da oda mai yawa, har ya zamana mafi yawan kekunan da ke ɗauke da sunan Schwinn a masana'antar Giant ake yin su. Giant na aiki yana koyo. A 1981 ya fito da keke mai sunansa na kansa, daga baya ya shiga kasuwar Turai da ta Amurka, yana gaya wa dillalan keke gaskiyar da ba mai musunta ta: kekunan da kuke yabo ai ni nake yin su. Schwinn ya durƙushe a 1992, Giant kuwa yau yana sahun gaba a masu ƙera keke a duniya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kamfanoni sun ɗauki darasi daga irin wannan, shi ya sa suke sa hannu a yarjejeniya mai sharaɗi uku: kada masana'anta ta faɗi sirrinka, kada ta yi amfani da shi don kanta, kada ta zagaya ta bayanka ta je wurin masu sayenka. Kuma ba sa son masu sayen su san masana'antar, don kada su ne su zagaya.

Akwai kuma abin da ake kira aikin dare. Ka yi odar guda dubu goma, a yi maka da rana, da dare a kunna injin a ƙara wasu dubbai da kwalinka da sunanka, a fitar ta ƙofar baya. Ba jabu ba ne a zahiri, tunda injin ɗaya ne, amma ba kai ka ci kuɗin ba. Duk wanda ya san inda ake yi maka kaya ya san inda zai je neman irin wannan.

Duk waɗannan dalilan kasuwa ne, kuma ni ban ga aibunsu ba. Amma akwai wani dalilin da ba a faɗa a bainar jama'a, kuma shi ne ya sa na zauna rubuta wannan.

Ranar 24 ga Afrilu 2013 wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza ya rufta a Savar, kusa da Dhaka babban birnin Bangaladash. Masana'antun ɗinki biyar ne a ciki. Kwana ɗaya kafin nan an ga bango ya tsage, banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma aka ce wa masu ɗinki su koma bakin aiki. Mutum 1,134 suka rasu, kimanin 2,500 suka jikkata, yawancinsu mata. Mafi ƙarancin albashinsu a lokacin Taka 3,000 ne a wata, bai kai jaka 20 ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka gano waɗanda ake yi wa ɗinkin: sai da 'yan jarida da masu kare haƙƙin ma'aikata suka riƙa tona ɓaraguzai suna tsinto 'yan ƙyallayen sunan kamfani da ake ɗinkawa a wuyan riga, da takardun oda. Babu wani jeri da za a buɗe a duba. Ga kamfanin da ba ya son a haɗa sunansa da irin wannan wuri, rashin jerin kariya ce, a bar kaza cikin gashinta.

Wani abin kuma, wasu kamfanonin da gaske ba su sani ba. Wata biyar kafin nan gobara ta tashi a masana'antar Tazreen, ita ma kusa da Dhaka, ta ci mutum fiye da 110. An sami tufafin Walmart a ciki, kamfanin ya ce wani ɗan kwangilarsa ne ya kai aikin can ba da izininsa ba. Haka tsarin yake: ka ba babbar masana'anta oda, aiki ya yi mata yawa, ta tsakura wa ƙarama, ƙaramar ta tsakura wa wadda ta fi ta ƙanƙanta. Shirun da muke ɗauka wayo ne, wani lokaci rufin jahilci ne.

Bayan Rana Plaza abubuwa sun motsa. A watan Mayu na 2013 aka ƙulla yarjejeniyar duba lafiyar gine-ginen masana'antun Bangaladash, kamfanoni fiye da 200 suka sa hannu. Faransa ta yi doka a Maris 2017 da ta wajabta wa manyan kamfanoni, masu ma'aikata 5,000 a cikin ƙasar ko 10,000 a duniya, su sa ido a kan abin da ke faruwa a wurin 'yan kwangilarsu. Tun kafin nan ma wasu sun buɗe littafinsu bayan an matsa musu lamba. Nike ta wallafa sunayen masana'antu sama da 700 a 2005. Apple ya fitar da sunayen kamfanoni 156 da ke yi masa aiki a Janairun 2012, bayan labarin ma'aikatan Foxconn da suka kashe kansu a Shenzhen a 2010 ya zagaya duniya. Kamfanin tufafi na H&M ya bi sahu a 2013.

Ko ɗaya cikinsu bai durƙushe don ya faɗi sunaye ba. Dalili shi ne ƙarfinsu ba a sunan masana'anta yake ba. Ko ka san inda ake ɗinka takalmin Nike, ba ka da zanenta, ba ka da odar miliyoyin da ke sa a rage mata farashi, ba ka da 'yan ƙwallon da ke yi mata talla. Abin da suke riƙewa gam shi ne farashi da zane da ranar fitar da sabon kaya. Sannan sirrin sunan da ma ba ya rufuwa ruf. A Amurka bayanan kayan da suka shigo ta jirgin ruwa a buɗe suke, akwai kamfanoni irin su Panjiva da ImportGenius da sana'arsu ke nan, tattara su su sayar, sai fa in mai shigo da kaya ya rubuta wa hukumar kwastan ya nemi a sakaya sunansa, wanda ake sabuntawa duk shekara biyu. A nan gida ma 'yan duwan, wato kwastan, da masu fitar da kaya suna ganin sunan mai aikowa a jikin takarda.

To amma kawuna ba Nike ba ne. Shi in aka ɗauke masa wannan sirri an ɗauke masa rabin jarinsa, don haka ba zan ce ya manna sunan masana'antarsa a ƙofar mangaza ba. Inda nake da magana shi ne a kan abin da ke shiga cikin mutum ko ake shafa wa jiki: magani, madarar jarirai, shayi, tumatir, man shafawa. A Yulin 2018 aka gano wani sinadari mai iya jawo ciwon daji a cikin maganin hawan jini mai suna valsartan. Kwalaye masu sunayen kamfanoni daban-daban a ƙasashe da dama aka janye, don ashe ainihin garin maganin daga masana'anta ɗaya suke saye, Zhejiang Huahai ta ƙasar Sin. Abin da ya sa aka iya janyewa da sauri shi ne hukumomin magani suna da sunan masana'antar a rubuce, kuma kowane kwali yana da lambar rukunin da aka yi shi a ciki. Mai saye bai san sunan ba, abokin gasa wataƙila bai sani ba, amma akwai wanda ya sani kuma yake da ikon cewa a tsaya. Wannan shi nake so mu samu: mai shigo da kayan ci ya ɓoye wa maƙwabcinsa in ya ga dama, amma sunan ainihin masana'anta, ba na dillali ba, ya kasance a hannun hukuma, ta yadda in LANSPEX, cibiyar gwamnati mai auna magani da abinci, ta auna ta ga matsala, ko ANMC, hukumar kula da ingancin kaya, ta ga kaya bai cika ƙa'ida ba, za a san waɗanne kwalaye ne 'yan uwan juna ko da sunayensu sun bambanta.

Kawu da kansa ya ɗanɗana wannan. Wata shekara masu shayi suka fara dawo masa da ƙorafi, wai ganyen ba ya kumfa kamar da, na biyu ma ba ya kai wa na uku. Kwali ɗaya, lamba ɗaya, raƙumi ɗaya. Ya yi ta bugun waya har gaskiya ta fito: kamfanin da ya shekara da shekaru yana kira masana'antarsa ofishin fitar da kaya ne kawai, kuma a wannan karon ya kai odar wani wurin da ya fi arha. Sirrin da ya hana yaron Tawa, shi ma ashe rabinsa aka ba shi. Na ga yadda abin ya taɓa shi, don sunansa ne a jikin kwalin, kuma shi ake tsayarwa a ƙofar masallaci a yi wa magana.

Da ya koma Sin bai tsaya a ofis ba. Ya sa aka kai shi lardin Zhejiang ya ga injin da idonsa, ya ga inda ake tankaɗe ganyen da inda ake ɗurawa. Ya sa aka rubuta a yarjejeniya, da Faransanci da Sinanci, cewa ba za a kai odarsa wani wuri ba sai da saninsa, kuma ba za a buga wa kowa kwali mai raƙuminsa ba. Da ya dawo ya yi wa sunan rajista a OAPI, ƙungiyar ƙasashe 17 mai hedikwata a Yawunde, wadda rajistarta ke kare suna shekara goma a Nijar da Benin da Burkina da Mali da sauransu. A nan ne ya gane cewa takardar ba ta aiki a Najeriya, don ba ta cikin ƙungiyar, kuma ba ta aiki a Sin, inda wanda ya riga yin rajista shi ke da suna, sai ya biya aka yi masa a can ma.

Kwalinsa na yanzu yana da lambar rukuni da ranar ɗurawa a gefe, kuma yana da littafi da yake rubuta wace lamba ta tafi Tawa, wace ta tafi Agadas. Sunan masana'antar yana cikin takardun duwan da kuma aljihun teburinsa mai makulli. Yaron Tawa ya je Gwanzu a shekarar, ya dawo da fitilun caji masu sunan da ya raɗa da kansa, shayi kuwa har yanzu a wurin kawu yake sara.